Kaka a Ƙasar Kurfai

Hanyar Filinge tana barin Yamai ta arewa maso gabas, tafiyar kilomita kusan 180, kuma duk wanda ya bi ta a watan Oktoba ba sai ya tambayi kowa yadda damina ta kasance ba. Gonakin bakin hanya sun ishe shi. Inda ruwa ya zauna, za ka ga dammunan hatsi jingine da juna, yara na kora jakuna, mata na tsinkar wake da ƙwarya a gefe. Inda ya yi gardama kuwa, kara na nan tsaye, gajere, siriri, an bar wa awaki. A kakar da na je gonakin kirki sun fi yawa, shi ya sa ko a cikin mota hira ta yi daɗi. Ba wanda ya yi dogon shirun nan na magidancin da ke lissafin watannin da abincinsa zai kai.

Baleyara ce babbar matsaya, garin da kasuwarsa ta Lahadi ke tara shanu da raƙuma da tabarmi daga ko'ina. Daga nan ƙasa take sauya kama, domin an shiga Dallol Boso, kwarin wani tsohon kogi da ya ƙafe tun dubban shekaru, wanda ya taso daga Azawak ya gangara har Kogin Kwara. Ruwan bai tafi duka ba, yana nan kwance a ƙarƙashin rairayi, shi ya sa garuruwa suka jeru a cikin kwarin, ga gawo ga goruba. Gawon ma a lokacin yake fitar da sabon ganye, bayan ya yi damina tsirara ya bar wa hatsi rana. Ka ratsa Tagazar, ka ratsa Tondikandiya ta Zabarmawa inda garin Fandu yake, mahaifar Janar Seyni Kountché, ka wuce Bonkuku ta Imanan, ƙasar Abzinawa, sannan ka faɗa Kurfai. Nan ne bakin iyakar Hausa ta yamma. Bakurfaye zai gaishe ka da Hausa, ya juya ya yi ciniki da Zabarmanci, ba tare da ya ji ya canja komai ba.

Ban zauna cikin Filinge ba. Mahaifin wani abokina ne ya sauke ni a ƙauyensu da ke kusa da garin, kuma na tarar gidan kusan ba kowa: iyali duk sun tare a gona. Gonar gandu tana da nisa, saboda haka idan aiki ya kankama sai a kafa bukkar kara a can, a kai tukunya da turmi da tulu, a zauna har a gama.

A nan na ga ɗaurin dami da idona. Tsohon yakan shimfiɗa igiya a ƙasa, matasa su riƙa kawo zangarniya runguma-runguma, shi kuma yana jerawa, kai nan gindi can, har tarin ya kai yadda yake so. Sai ya sa gwiwa ya danne, mutum biyu su ja igiyar, ya ƙulle, ya buga damin da tafin hannu ya ji ko ya ɗauru. Ranar jigila gayya aka yi. Tun da sassafe amalanken jaki na maƙwabta suka iso, ba a yi zancen kuɗi da kowa ba. Abin da ke wuyan mai gona shi ne hura mai yawa da tuwo da rana, da kuma sanin cewa jibi shi ma zai tura 'ya'yansa gonar wani.

Kafin a ɗora ko dami ɗaya a kan amalanke, sai da tsohon ya bi layi da sandarsa yana ƙirga. Ya taɓa tara, na goma ya ce a ja shi gefe. Ya sake tara, na goma gefe. Wani jikansa ya jawo wani dami ɗan ƙarami zai kai wajen na gefen, tsohon ya daka masa tsawa.

"Kai, maida shi! Ɗauko wancan babban. Wanga rabo ba namu ba ne, ba a zaɓa ma Allah ƙanƙane."

Na ce, "Baba, wa za a kai wa?"

Ya ce, "Ɗana, akwai malam, akwai tsohuwa biyu da ba su da mai yi musu noma, ga kuma baƙin da sunka gudo daga arewa, suna nan bayan gari. Bana su za a hwara ba."

Zakkar hatsi ke nan yadda fiƙihun Malikiyya ya tsara: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka yi wa ban ruwa da wahala, idan amfanin ya kai nisabi. Na karanta wannan tun ina makarantar allo. Ganin damin yana barin gona a kan jakin wani, tun mai gonar bai kai ko ɗaya rumbunsa ba, shi ne ya sa karatun ya shiga jikina. Bayan an kwashe, matan da ba su da gona suka shigo kala, suna tsintar abin da ya zube. Ba mai hana su, kuma abin kunya ne ɗan gida ya koma ya tsince.

Da dare muka zauna bakin bukka, Inna, uwar gidan, ta gasa mana tumu daga ɗan hatsin da ya makara bai bushe ba. Ana babbaka zangarniyar a kan wuta, a murje a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki da zafinsa. Da na shiga kwanciya na ɗaga kai, sai ga taurari ta tsakanin karan rufin. Rabona da ganin haka tun ina ɗalibi a Maroko.

A Kasablanka, inda mafi yawan Yahudawan da suka rage a Maroko suke zaune, na yi maƙwabtaka da wani gidan Yahudawa. Wata kaka na ga suna hawa da katako da ganyen dabino saman bene, suka kafa rumfa mai bango uku, yara suka rataye 'ya'yan itatuwa a ciki. Ashe Idin Bukkoki ne, wanda suke kira Sukkot, bikin tattara amfanin gona. Yana farawa ran 15 ga watansu na Tishri, tsakanin ƙarshen Satumba da Oktoba, a yi kwana 7 ana cin abinci a cikin bukkar, wasu har su kwana. Rufin yana da ƙa'ida: sai da abin da ya tsiro daga ƙasa aka yanke shi, inuwarsa ta fi ranarsa yawa, amma kada ya toshe har a kasa hango sama. Suna yi ne don tunawa da shekara 40 da Bani Isra'ila suka yi cikin hamada tare da Annabi Musa, alaihis salam, bayan fitowarsu daga Masar. Wato a daidai lokacin da rumbu ya cika, lokacin da mutum ya fi jin ya isa, a lokacin ne aka ce ya fita daga ginin gidansa ya zauna ƙarƙashin ganye.

Maigidan ya gayyace ni cin abincin dare, domin baƙo yana cikin ƙa'idar bikin. Ya nuna mini tsirrai huɗu da suke riƙewa wajen addu'a: tohon dabino da bai buɗe ba, da reshen wata itaciya mai ƙamshi, da reshen wata ta bakin rafi, da wani babban lemo mai kaurin ɓawo da suke kira etrog. Suna haɗa su su kaɗa gabas da kudu da yamma da arewa, da sama da ƙasa. Lemon nan, a duwatsun kudancin Maroko wajen Tarudant ake noma shi, kuma manoman Musulmi ne. A rana ta takwas sai su roƙi ruwa, domin a ƙasar da bikin ya samo asali ruwan sama na zuwa ne bayan girbi, lokacin sanyi. Attaura ma ta hana mai gona girbe kusurwar gonarsa ko komawa tsintar abin da ya zube, ta ce na matalauci ne da baƙo. Raɗaɗin abin da ake yi wa Falasɗinawa yana raina, kuma bai hana ni ganin cewa mutanen da suka ciyar da ni a daren nan sun riƙe wani abu mai kyau, sun kuma riƙe shi da ƙarfi.

Abin da ya ba su wannan riƙo shi ne lissafin watanni. Su ma da wata suke ƙirga, amma sukan ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, don kada idin ya zame daga kaka. Shi ya sa Bayahuden da kakanninsa suka rabu da gona tun ɗaruruwan shekaru, yana zaune a Landan ko Kasablanka, har yau ya san ranar da ake godiyar girbi. Namu lissafin ba ya ƙara wata. Shekarar Hijira tana gaza ta rana da kwana 11, sai salla ta yi ta zagaya damina da rani da hunturu, ta dawo inda ta faro bayan wajen shekara 33. Akwai hikima a ciki, ko don azumi kada ya dawwama a zafi ga wasu, a sanyi ga wasu. Babbar Salla ta faɗo cikin Oktoba daga 2012 zuwa 2014, kuma mutanen ƙauyen har yanzu suna tuna shekarun da layya ta haɗu da sabon hatsi. A sauran shekaru kuwa, godiyar kaka a wurinmu ba ta da rana a kalanda. A gona aka ɗaure ta, ranar girbi, da damin nan na goma.

Da can ƙasar Hausa tana da bukukuwan kaka masu suna. Akwai kalankuwa ta samari da 'yan mata a ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau. Masu bori suna da shan kabewa. A Masalata kusa da Birnin Ƙonni ana buɗin daji, a duba abin da shekara mai zuwa za ta zo da shi. A yankin Maradi manomin da ya ɗaure dami 1,000 yakan yi bikin dubu, ya rabar da dukiya har ya ji a jikinsa, sannan ya amsa sunan Sarkin Noma. Wasu daga cikin waɗannan sun ja baya saboda abin da ke cikinsu na tsafi, kuma ban ga laifin malaman da suka yi wa'azi a kai ba. Sai dai da aka ture su, ba a kafa wani taro a gurbinsu ba.

Abin da ya tsira shi ne kokowa. Na halarci wata a wani ƙauye kusa da inda na sauka. An share fili, an zuba rairayi, makaɗa sun zauna gefe, samarin garuruwa suka shigo da layu da guraye a damtse suna kirari. Kokowa wasan ƙoshi ce. Ba a yin ta da yunwa, shi ya sa take biyo bayan girbi. Wani siririn yaro ya kama ƙafar wani ƙato da ya ninka shi, suka yi ta juyi, ƙaton ya dafa ƙasa da hannu, filin ya ɓarke da guɗa. Wata tsohuwa ta kutsa ta ɗaura wa yaron kallabinta a wuya, wani ya ce ya ba shi dami guda. Daga irin waɗannan filaye aka ɗauki wasan aka mai da shi na ƙasa: a 1975, zamanin Kountché, aka yi gasar Takobi ta farko a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauka. Yau duk Nijar takan tsaya cak idan ana kokowar Takobi. Amma ta ƙauyen nan, tun rana ba ta faɗi ba aka tashi. Dattawa sun ce da can sai farin wata ya yi tsaka ake watsewa. Yanzu kowa so yake ya isa gida da haske.

Mutanen Kurfai ba sa wasa da kaka, domin sun san rashinta. Ruwan da ke sauka a nan, a yawancin shekaru, da ƙyar yake kai milimita 400, kuma kaɗan ka ƙara arewa ka isa iyakar noma da dokar 1961 ta shata, inda ƙasar kiwo ta fara. A 1931 fara ta cinye gonakin yammacin Nijar, Turawan Faransa kuma ba su sassauta haraji ba, mutane suka mutu da yawa, wasu suka watse. Aka yi farin 1973 da 1974, aka yi na 1984 da ake kira El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, aka yi matsin 2005. Tun kafin waɗannan, a 1925, a garin Shikal na nan Kurfai, wata mata mai suna Shibo ta tara jama'a da sababbin iskokin da ake kira Babule, waɗanda duniya ta sani da Hauka. Mabiyanta suka juya wa haraji da aikin tilas baya, suka ƙi bin Gado Namalaya, sarkin da Faransawa suka dafa wa, har kwamandan Yamai, Croccichia, ya kama su ya ɗaure. Daga baya abin ya bi 'yan cirani har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke shi a fim. Ko me mutum zai ce game da iskokin, rigimar a kan gumin manomi aka yi ta, da wanda zai ci shi.

Wannan rigima ba ta ƙare ba. Ranar kasuwar Filinge na zagaya layin 'yan hatsi, na ga tiya tana cika tana zuba, farashi ya faɗi warwas, manyan motoci na jira. Da yawa daga masu sayarwa ba don sun yi rara suke sayarwa ba. Bashin da suka ci da damina ne ya zo wuya, ga auren da aka ɗaga sai kaka, ga tufafin yara. Hatsin da suka sayar da araha a Oktoba, shi za su saya da tsada a Yuli, wataƙila ma a hannun mutum guda. Bankunan hatsi na ƙauyuka an kafa su ne don toshe wannan rami, kuma inda aka riƙe su da amana suna aiki.

A gefe guda na kasuwar mata Fulani da Abzinawa sun jera nono da man shanu da cuku. Kilomita kamar 20 arewa da garin akwai Tukunus, gidan kiwon gwamnati da aka kafa a 1954 don inganta jajayen shanun Azawak, waɗanda madararsu ta yi suna har ƙasashen maƙwabta. Kakar Kurfai ba ta manomi kaɗai ba ce. Makiyayan da suka hau arewa da damina suna gangarowa, suna dakon ranar da hukuma za ta sanar da sakin gonaki. Idan ranar ta zo, shanu su shiga su ci kara da harawa, su bar taki, mai gona ya ba da hatsi, makiyayi ya ba da nono. Idan aka riga ranar kuwa, ko manomi ya yi jinkirin kwashe damminsa, nan ake samun faɗan da kan kai ga jini. A kan wannan ma'amala ne tashin hankalin iyakar Mali ya sauka. Tun 2017 sassan jihar Tilaberi suke cikin dokar ta-ɓaci, a farkon 2020 aka hana hawa babur, a watan Maris na 2021 aka kashe mutum 58 a yankin Banibangu, akasarinsu masu dawowa daga kasuwa. 'Yan bindiga sukan shiga ƙauyuka su kora shanu su ce zakka suka karɓa. Wanda ya ga tsoho yana zaɓar babban dami da hannunsa ya aika wa baƙon da bai sani ba, ya san wannan suna da suka ba fashinsu zagi ne ga addini. Baƙin bayan garin da aka fara ba damin, irin wannan karɓa ce ta raba su da gidajensu.

Ni dai ina ganin Kurfai na bukatar ranar kaka mai suna, kuma ba sai an aro ta daga ko'ina ba, domin kayan haɗinta duk suna nan a warwatse: gayya, da zakka, da kala, da kokowa, da sakin gonaki. Abin da babu shi ne ranar da kowa ya sani tun shekara na farawa, wadda sarkin Kurfai da magajin gari da limamai da arɗo-arɗo za su tsayar tare, a yi addu'ar godiya da safe, a fitar da zakka a bainar jama'a, manomi da makiyayi su ci daga akushi guda kafin shanu su shiga kara. Al'adar da ba ta da rana, shekarar fari ɗaya ko shekarar tsoro biyu sun isa su shafe ta ba tare da kowa ya lura ba. Na faɗa wa tsohon wannan tunani nawa. Ya ce magana ce mai kyau, amma a fara samo musu kwanciyar hankalin da za a yi taro har dare.

Kafin in taso aka gama cika rumbu. Rumbun na zana ne, an ɗora shi a kan duwatsu da itace saboda gara, yaro ɗaya a ciki yana karɓar dami yana jerawa, har ya fito ta sama aka kifa hular ciyawa. Wannan rumbun gandu ne, ba za a taɓa shi ba sai ruwan shuka ya sauka, lokacin da masu noma ke bukatar ƙarfi. Rani kuwa da hatsin gamanar mata za a ci shi, da wake, da abin da 'yan cirani suka aiko. Samari uku na gidan sun riga sun ɗaure jakunkunansu, ɗaya Kwatano, biyu Abijan, hanyar da kakanninsu suka bi zuwa Kumasi da Ankara. Buhun wake aka sayar aka haɗa musu kuɗin mota.

Na tambayi babbansu ko ba zai tsaya kokowar garinsu ba, tunda saura mako guda.

Ya ce, "Yaya, in mun tsaya, bakinmu ukku na cikin tukunya. In mun tahi, hatsin Inna shi kai watan bakwai."